Senti Goma Da Taron Jarumai

Ranar da muka zauna kallon Avengers: Endgame a waya tare da ɗan ƙanwarmu mai shekara tara, ba a yi minti goma ba sai da ya tsayar da fim ɗin sau biyar. "Kawu, wannan waye? Me ya sa wancan yake kuka? Ita kuma mai shuɗin jikin nan daga ina take?" Duk tambayar da muka amsa sai ta haifo wata, domin amsar kowace tana cikin wani fim ɗin daban. Wannan shi ne na 22 a jerin finafinan da kamfanin Marvel ya faro a 2008, shi kuwa yaron bai ga ko ɗaya ba. Da ya gaji sai ya ɗauki ƙwallonsa ya fice. Muka bi shi da kallo muna tunani a rai, ai don irinsa aka ƙirƙiro waɗannan jarumai tun farko.

Yawancinmu ta fim muka san Superman da Spider-Man, amma asalinsu takarda ce. Sun fito ne daga ƙananan littattafan labari cikin zane da Amurkawa ke kira komik, waɗanda ake yanka shafinsu gida-gida, maganar kowa na fitowa daga bakinsa cikin ɗan kewaye. Abin da ya sami yaron nan a gaban waya ya daɗe da samun yaran Amurka a gaban takarda. Dabarar haɗa jarumai daban-daban cikin labari guda, wadda za mu kira gamayya, an ƙago ta ne don a jawo yara, daga baya kuma ita ce ta tokare musu ƙofa.

Kasuwar kuɗin alawa

A 1938 mujallar Action Comics ta fito da Superman a bangonta na farko, ya ɗaga mota sama da hannu biyu. Wasu samari biyu 'yan garin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, su suka ƙirƙiro shi, suka kuma sayar da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130. Shekara ta zagayo Batman ya biyo baya a Detective Comics. Ana sayar da littattafan nan a teburin mai jarida da kantin magani da shagon alawa, shafi 64 a kan senti 10. Kuɗin alawar yaro ke nan. Ya saya, ya karanta, ya naɗe a aljihu, ya yi musaya da aboki, har takardar ta yage.

Masu bugawa sun san wane ne mai saye. A 1940 suka ba Batman ɗan rakiya, yaro mai suna Robin, don mai karatu ya ga tsaransa a cikin labarin. A shekarar ce kuma kamfanin Fawcett ya fito da Captain Marvel, wani maraya mai tallan jarida, Billy Batson, wanda da ya furta kalmar Shazam sai ya rikiɗe ya koma ƙaton sadauki. Ba yaron da bai taɓa yin wannan mafarki ba, shi ya sa akwai lokacin da cinikinsa ya wuce na Superman.

Gamayya ma a 1940 ta soma ƙarfi. Kamfanin Timely, wanda daga baya ya koma Marvel, ya haɗa jarumansa biyu faɗa a birnin New York: Human Torch mai jikin wuta da Namor yariman ƙarƙashin teku. Wuta da ruwa, ba sai an yi wa yaro dogon bayani ba. A ƙarshen shekarar, fitowa ta 3 ta All Star Comics ta zaunar da jarumai takwas a kan teburi guda da sunan Justice Society of America, kowa na ba da labarin aikin da ya yi. Ƙungiyar tana da wata doka da ke tona asirin manufarta: duk jarumin da ya samu littafin kansa sai ya sauka ya ba wani wuri. Wato talla ce, irin ɗanɗanon da mai tsire ke miƙo maka. Da senti 10 yaro zai ɗanɗana takwas, ya zaɓi wanda zai bi.

Abin lura shi ne kusan kowane littafi yana ɗauke da cikakken labari. Mai bugawa ba shi da tabbacin yaron zai sami fitowar wata mai zuwa a teburin mai jarida, ko ma zai sami kuɗin. Don haka dole a fara a kuma ƙare a hannunsa.

Wannan kasuwa ta gamu da fushin manya. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent yana ɗora wa komik laifin lalacewar tarbiyyar yara, wani kwamitin majalisar dattawan Amurka kuma ya zauna a New York ya saurari shaidu. Kafin shekarar ta ƙare, kamfanonin suka kafa wa kansu hukumar tacewa mai suna Comics Code Authority, wadda ba ta buga hatimi sai an cire jini da ban tsoro da duk abin da zai zubar da darajar hukuma. Kamfanoni da yawa suka durƙushe. Amma ko wannan rigima shaida ce cewa kowa, masoyi da maƙiyi, ya yarda kayan yara ne.

Gari ɗaya, tarihi ɗaya

Shekarar 1961 ta canza lissafi. A fitowa ta 123 ta The Flash, marubuci Gardner Fox ya haɗa sabon Flash, Barry Allen, da tsohon Flash na shekarun 1940, Jay Garrick, ya ce ai kowannensu a tasa duniyar yake, duniyoyi biyu masu kama da juna. A wancan ɓangaren kuma Stan Lee da Jack Kirby suka fito da Fantastic Four, sannan Lee da Steve Ditko suka kawo Spider-Man. Jaruman Marvel a New York ta gaske suke zaune, don haka suna iya karo a kan titi. A fitowar farko ta The Amazing Spider-Man a 1963, Peter Parker, ɗan makarantar da talauci ya dama, ya je neman shiga Fantastic Four don ya sami albashi, da aka ce masa ba a biya sai ya yi fushi ya tafi. A shekarar ce aka kafa Avengers.

Daɗin abin ba ya misaltuwa. Abin da ya faru a wannan littafi yana da tasiri a wancan. A ƙasan shafi edita kan sa 'yar alama ya ce a duba fitowa kaza ta littafi kaza. Masu karatu suka fara rubuto wasiƙu suna kamo kurakurai, Lee kuwa ya ƙago wata kyauta ta wasa, ambulan da babu komai a ciki, da ake aika wa wanda ya kamo kuskure ya kuma kawo hujjar da za ta wanke shi. Yaran da a da suke barin komik idan sun girma, yanzu suka zarce da shi har jami'a, domin akwai tarihin da suka haddace, ba sa son ya tafi a banza.

Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san wannan ciwo. Tsarin da aka shekara ana ɗora masa, kowa ya zo ya ƙara nasa ya tafi, yakan kai matsayin da za ka taɓa layi ɗaya a nan abu ya lalace a can inda ba ka taɓa leƙawa ba. Tsofaffin hannu suna alfahari da sanin lungunansa, sabon ma'aikaci kuwa sai ya yi watanni yana lalube. Kowane labari da DC ko Marvel suka buga ya zama alkawari ga mai karatu, alkawuran kuma suna ta taruwa wata bayan wata, ba a yafe ko ɗaya.

Duk da haka, har ƙarshen shekarun 1970 ana yin gamayyar da kowa zai iya shiga. A 1976 kamfanonin biyu suka haɗa hannu suka buga Superman da Spider-Man a ƙaton littafi guda. A 1978 DC ta haɗa Superman dambe da Muhammad Ali, a wata duniya mai jar rana inda ƙarfin Superman ba ya aiki, Ali kuwa ya lakaɗa masa duka. Wanda bai taɓa riƙe komik ba ma ya san mutanen nan biyu.

Shagon da yaro ba ya zuwa

Abin da ya fi komai sauya mai karatu shi ne hanyar sayarwa. A teburin mai jarida, duk abin da bai sayu ba akan yage bangonsa a mayar wa kamfani, asarar ta kamfani ce. Ribar littafin 'yan sentoci kuma ba ta kai ta manyan mujallu ba, don haka masu tebur suka fara ture shi gefe. A farkon shekarun 1970 wani malamin makaranta a Brooklyn, Phil Seuling, ya kawo shawara: a sayar wa shagunan komik kai tsaye da ragi mai tsoka, amma babu mayarwa. Kamfanoni suka yi maraba, domin yanzu za su buga daidai abin da aka yi oda.

Tsarin ya ceci sana'ar, amma ya tace masu saye. Teburin mai jarida yana kan hanyar makaranta, shagon komik kuwa sai an yi niyya, sau da yawa sai an sami babba mai mota. Wanda ke zuwa duk mako shi ne saurayi ko magidanci mai albashi, wanda ya san tarihin kowane jarumi. Mai shago, da yake abin da bai sayu ba zai kwana a wuyansa, sai ya yi odar abin da wannan mutumin ke so. Kamfani kuma ya rubuta don mai shago.

A cikin wannan yanayi aka yi manyan gamayya biyu da har yau ake kwaikwayo. Ta farko ita ce Secret Wars ta Marvel, fitowa 12 daga 1984 zuwa 1985, wadda Jim Shooter ya rubuta. Kamfanin kayan wasa na Mattel ne ya nemi labarin da zai tallata 'yan tsanarsa, sunan ma daga gwajin da aka yi da yara aka samo shi, aka ga kalmomin nan biyu suna burge su. Aka kwashi jarumai da miyagu aka zuba su a wata duniya su gwabza. Ciniki ya yi kyau ƙwarai.

Ta biyu ita ce Crisis on Infinite Earths ta DC, daga 1985 zuwa 1986, aikin Marv Wolfman da George Pérez. Duniyoyi biyun nan na 1961 sun hayayyafa har marubutan kansu suna rikicewa. Aka yanke shawarar a rushe su duka a bar ɗaya, don sabon mai karatu ya sami wurin sa ƙafa. Supergirl ta mutu a fitowa ta 7, Barry Allen a ta 8. Duk mai rubuta manhaja ya san wannan jarabar, ta a watsar da tsoho a sake gini daga tushe, ya kuma san yadda takan ƙare: tsofaffin masu amfani ba za su yarda a jefar da abin da suka saba da shi ba, sai a dawo da shi ta bayan gida, a wayi gari ana riƙon tsari biyu maimakon ɗaya. DC ta sake irin wannan shara a 1994, ta sake a 2005, a 2011 kuma ta mayar da littattafai 52 zuwa lamba ta ɗaya a wata guda.

Darasin da kamfanonin suka ɗauka daga Crisis na ciniki ne. Idan labari ɗaya ya ratsa littattafai da yawa, wanda yake sayen uku zai sayi goma. Daga nan gamayya ta zama kusan ta kowace shekara. Ka sayi littafin jaruminka, sai ka tarar da kashi na huɗu na wani labari da aka fara a littafin da ba ka karantawa. A 1986 kuma Watchmen na Alan Moore da Dave Gibbons, da The Dark Knight Returns na Frank Miller, suka nuna za a iya rubuta jarumai don manya. Ayyuka ne masu nauyi, amma masu kwaikwayonsu duhun da zubar da jinin kawai suka ɗauka. Jaridu suka yi ta shelar cewa komik ya daina zama kayan yara, masu sana'ar kuma suka ɗauki hakan yabo.

Farkon shekarun 1990 sai 'yan neman riba suka shigo, suna sayen littafi su rufe a leda ba tare da sun buɗe ba, da fatan zai yi tsada kamar na 1938. X-Men lamba ta ɗaya ta 1991, mai bango iri biyar, an yi odar sama da miliyan 8. A 1992 aka kashe Superman, mutane suka yi layi a ƙofar shaguna, ba a cika shekara ba ya dawo. Abin da kowa ya ajiye ba ya tsada. Kasuwa ta faɗi, dubban shaguna suka rufe, a Disambar 1996 Marvel ta shiga kotu neman kariya daga masu bin ta bashi.

Ɗakin yara a bayan gida

Ba a ce an manta da yara gaba ɗaya ba. Marvel ta yi Spidey Super Stories daga 1974 don masu koyon karatu, ta buɗe sashen Star Comics a 1984, ta kuma yi Marvel Adventures daga 2005. DC ta yi The Batman Adventures a 1992, wanda da yawa ke ganin ya fi na manyan daɗin karatu, sannan Tiny Titans a 2008. Matsalar biyu ce. Ana kai su shagon da yara ba sa zuwa, kuma an ware su daga babban tarihin, don haka tsofaffin masu saye suna kallonsu a matsayin labarin da ba ya cikin lissafi. Abin da a 1940 shi ne gidan gaba ɗaya ya koma ɗan ɗaki a baya. A 2004 marubuci Michael Chabon ya tsaya a taron ba da lambobin Eisner ya faɗa wa masu sana'ar cewa su suka juya wa yara baya, ba yaran ne suka gudu ba.

Yaran sun dawo, amma ta wata ƙofar. Littattafan zane na Japan irin su Naruto suka cika kantunan littattafai, kowane jeri da lamba ta ɗaya da kowa ya san daga nan ake farawa. A 2005 kamfanin Scholastic, wanda ke kai baje kolin littattafai har cikin makarantun Amurka, ya buɗe sashen Graphix da Bone na Jeff Smith. A 2010 Raina Telgemeier ta fitar da Smile, labarin wahalar da ta sha da haƙoranta tana 'yar makaranta. A 2016 Dav Pilkey, wanda a yarintarsa karatu ya ba shi wuya har malamai kan fitar da shi daga aji, ya kawo Dog Man, ɗan sanda mai kan kare, wanda ake buga kowane sabon littafinsa da miliyoyi, adadin da jaruman wata-wata ba sa kusantarsa. A 2020 New Kid na Jerry Craft ya zama littafin zane na farko da ya ci lambar Newbery, babbar lambar adabin yara a Amurka. Manyan kamfanonin biyu suka biyo sahu: DC ta fara jerin littattafan yara masu cikakken labari a 2019, Marvel kuma ta ba Scholastic jarumanta, aka fito da littafin Miles Morales a 2021.

Labarin Kamala Khan ya nuna tsohuwar ɗabi'ar ba ta mutu ba. A 2014 Marvel ta ba wannan yarinya Musulma, 'yar asalin Pakistan da ke zaune a Jersey City, littafin kanta da sunan Ms. Marvel, G. Willow Wilson na rubutawa, Sana Amanat na edita. Ta jawo masu karatun da ba su taɓa shiga shagon komik ba, 'yan mata da 'ya'yan baƙi da suka ga gidansu a ciki, ta ci lambar Hugo a 2015. A shekarar ce wata sabuwar Secret Wars ta tsayar da littafin a fitowa ta 19, aka sake farawa daga lamba ta ɗaya. A 2016 aka ja ta cikin Civil War II. A 2023 aka kashe ta a littafin Spider-Man, ba a nata ba, bayan 'yan makonni kuma aka tashe ta a littafin X-Men. Yarinyar da ta shigo saboda Kamala sai ta bi littattafai uku kafin ta san ko jarumarta na raye.

Abin da ya shafe mu

Maganar ta iso gida, domin 'yan Najeriya ma sun shiga sana'ar. Comic Republic a Legas ta fara a 2013, Roye Okupe kuma ya kafa YouNeek Studios, inda ya rubuta Malika, sarauniya mayaƙiya da ya ɗauko hasken labarinta daga Sarauniya Amina ta Zazzau. Dukansu suna gina duniya guda da jarumansu ke haɗuwa a ciki. Duk wanda a cikinmu yake da waya da alƙalamin zane yana mafarkin yin irin wannan da Hausa, ya kamata ya san abin da hanyar ta ci wa waɗanda suka riga shi.

Muna da wani samfurin a hannu. Gizo da Ƙoƙi, da Kura da Dila da Zaki, sun daɗe suna shiga labaran juna a bakin kakanninmu. Babu wadda ta taɓa ce wa jikanta sai ya ji tatsuniyar jiya kafin ya gane ta yau. Halin Gizo ne ke biyo shi daga dare zuwa dare, tarihinsa kuwa a ƙurunƙus yake ƙarewa. Ko an yi masa dukan kawo wuƙa yau, gobe zai tashi garau da sabuwar dabara, yaron da ya zo baƙunta daren nan kuma zai yi dariya daidai da 'yan gida.

Mako guda bayan ficewar ɗan ƙanwarmu, muka sa masa Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018. Shi ma gamayya ne, Spider-Man iri-iri daga duniyoyi daban-daban, jikan dabarar nan ta 1961. Amma duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya faɗi ko shi waye cikin ɗan lokaci, jarumin kuma, Miles Morales, sabon shiga ne da bai san komai ba, kamar mai kallon. Yaron bai motsa ba har aka gama. Tambaya ɗaya ya yi mana, ita ma sai da rubutu ya fara hawa: "Kawu, akwai littafinsa?"